Amsa ga Injiniya kan fita kogin Clyde a watan Afrilu

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Injiniya na ji saƙonka, wai wace sandar kamun kifi za ka saya, kuma ko mu kama hanyar Clyde ranar Asabar da an idar da sallar asuba. Toh ni dai yadda na fahimce ka ba sanda ce damuwarka ba, so kake ka ji ko za ka kama wani abu ko mura kawai za ka kwaso. Sanda ka nemi mai ƙafa 9, lamba 5 (lambar nauyin zaren da take ɗauka kenan), ko ta hannu ce ba komai, an wuce wurin.

Amma maganar asuba ka cire ta a ranka. Wannan lissafin masuntan gida ne masu gudun zafin rana. Nan Sikotland a Afrilu ruwan kamar ƙanƙara yake da safe, kifin tirawut yana kwance can ƙasa ko motsi ba ya so ya yi, balle ma bai daɗe da gama zuba ƙwai ba a hunturu, duk ya rame. Sai rana ta ɗaga, tsakanin 12 da 3 haka, sannan ƙwarin nan da ake kira Large Dark Olive su fara fitowa daga ruwa, su zauna a kansa suna busar da fiffike ruwa na tafiya da su, a nan ne za ka ga kifi ya fara ɗago baki yana tsince su ɗaya ɗaya. Wani lokaci abin bai fi rabin awa ba ya ɗauke kamar ba a yi ba. Kuma kar ka yi murna don ka ga gari ya waye tangararau, ranar da aka yi lumshi da ɗan yayyafi ta fi, ƙwaron ya fi daɗewa a kan ruwa kafin ya iya tashi.

Abin da ya sa nake nanata wannan, akwai wani bawan Allah, yana cikin guruf ɗin nan yana ji na, ba zan kama suna ba. Bara ya matsa sai mun fita da duku-duku, motarsa ce, ba yadda muka iya. Muka bi babbar hanyar M74 muka isa wajen ƙauyen Abington gari bai gama wayewa ba, mutum ya zo da wandon jins da takalmin zuwa ofis, ko safar hannu babu. Kafin 11 haƙoransa na haɗuwa, ya koma mota ya kunna hita. Wallahi ƙarfe 12 da ɗan wani abu ina tsaye na ga ƙwari sun fara gangarowa, ga wani kifi can jikin gaɓar tsallake yana ta ɗagowa a wuri guda, na ɗaura ƙugiya kenan hannuna na rawa don sanyi, sai ga hon. Hon fa, a bakin kogi! Wai madam ta kira, akwai baƙi. Har yau bai ba ni haƙuri ba, ƙarshe ma shi yake yawo da labari wai Clyde ba kifi. Ba kifi? Kai da ka ga kogin ta gilashin mota?

To, ina nake ma... yawwa, ƙugiya, irin wadda ake ɗaura wa gashi ta yi kama da ƙwaro. Kar ka je shago su cika maka akwati da kaloli. Mai kamar Olive ɗin nan lamba 14 (girman ƙugiyar kenan), guda huɗu ko biyar saboda bishiya sai ta ci rabonta, sai mai kamar wani ƙwaron, March Brown, lamba 12 ko za a dace su fito. Kafin ƙwari su fara tashi kuma ka sa mai nutsewa, Pheasant Tail, wadda ake ɗaurawa da gashin jelar tsuntsu da siririyar wayar tagulla, ka jefa ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa, ruwa ya kawo ta ta kusa da ƙasa. Babban abin shi ne ƙugiyar ta tafi daidai da gudun ruwa. Da zare ya ja ta ta yi ɗan layi a kan ruwa, shikenan kifin ya gane ya nutse, sai ka nemi wani. Kuma don Allah kar ka faɗa cikin ruwa kana facal-facal, tsaya a gaɓa tukuna ka kalla, sau da yawa kifin yana inda kake shirin taka ƙafa.

Batun takarda, na ce maka a waya ba a buƙatar lasisi, bari in gyara kar ka ja mana. Lasisin sanda na gwamnati irin na Ingila ne babu a Clyde, amma famit dole ne, na ƙungiyar da ke riƙe da wannan yankin kogin, kuma masu gadi suna zagayawa. Lokacin kamun tirawut a dokance daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba, saboda haka muna ciki. Daren Juma'a zan duba tsayin ruwa a shafin SEPA, hukumar kare muhalli ta Sikotland, in an kwana ana ruwa kogi ya kawo ya yi jawur, ba inda za mu, asarar fetur ce.

Masu cewa a kawo musu na farfesu kuma ku yi haƙuri ku je kasuwa. Sakinsa ake yi. Ka danne ƙayar ƙugiyar da filaya tun daga gida, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka mayar da shi da wuri.

Mu bar Gilasgo ƙarfe 10, ka zo da shayi a filas da darduma don azahar a bakin ruwa za ta same mu. Kuma da motata za mu.