Ku Tambayi Kawu: Ina Zan Je Kallon Kiɗa a Legas da Hunturun Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Funtuwa ne, ina gyaran waya a Ikeja, ina kwana a Agege. A gida da an gama kaka hunturu ya shigo, sai biki da kalangu ko'ina. Nan kuwa kowa zancen shagalin Disamba yake, amma kuɗin tikiti ya fi ƙarfina. Ina zan je in ga makaɗa suna kiɗa da hannunsu, ba na'ura ba? Ba na shan giya, ba na son rigima. — Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Rigar sanyin da ka zo da ita daga Funtuwa, bar ta a jaka. Hunturun Legas 'yan makonni ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, hazo ne da tsagewar leɓe kawai. Man kaɗanya ya ishe ka.

Manyan shagulgulan Victoria Island kada su tsone maka ido. Sau da yawa sai tsakar dare ta gota mawaƙi zai fito, a sakar masa faifai ya riƙa bi. Abin da kake nema yana bayan gidanka: New Afrika Shrine da ke Agidingbi, kusa da Alausa. 'Ya'yan shahararren mawaƙi Fela Kuti, Femi da yayarsa Yeni, suka buɗe shi a 2000, shekara uku bayan rasuwar mahaifinsu. Katafariyar rumfa ce mai rufin kwano. An saba ranar Alhamis Femi yana gwaji da yaransa ba a biyan kuɗin shiga, Lahadi kuma a yi wasa sosai. Ni na fi son Alhamis, don nan ne za ka ga ya ɗaga hannu ya tsayar da kiɗa a sake ɗauko shi daga farko. Waƙa ɗaya takan kai minti ashirin. Mai ganga ya fara shimfiɗa, jita ta biyo, sannan masu busa su faɗo gaba ɗaya har ka ji a ƙirjinka. Kai da ka tashi da kalangu, zuba wa mai ganga ido, ba 'yan rawa ba. Amma ka yi tambaya kafin ka tafi, Femi yakan yi tafiya waje.

Ba zan ɓoye maka ba, ana sayar da giya, kuma akwai hayaƙi, na sigari da wanda ya wuce sigari. Zauna ta wajen ƙofa inda iska take, ka sayi lemo, ba wanda zai kula ka. In hakan ya yi maka nauyi, gwada Freedom Park da ke Broad Street, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Fili ne a buɗe, har da iyali ake zuwa, sai dai daga Agege tafiya ce, ga cunkoson Disamba.

Abin da ya fi damuna shi ne komawarka gida. Tun 2022 aka hana acaɓa a Ikeja, don haka kada ka dogara da 'yan'uwanmu masu babur. Yi isha'i kafin ka shiga, ku tafi ku biyu ko uku, ku tashi ana tsaka da daɗi. Mota kuwa a tasha ake shigarta. Wadda ta tsaya maka a bakin titi da dare tana kiran saura mutum ɗaya, ƙyale ta ta wuce.

Kuma in kiɗa ya ratsa ka, kada ka ce za ka yi liƙi irin na gida. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira, kuma a 2024 EFCC ta kai mutane kotu a kan haka a nan Legas. Miƙa wa makaɗi a hannu.