Ƙanwata, kada "ya yi kyau" ta ruɗe ki

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai tambayar bidiyon koyar da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, da ke nake. Kin ce malaminku ya ce kowa ya nemo ra'ayin masu kallo ya sake tace nasa kafin a miƙa na ƙarshe, ke kuma duk wanda kika tura wa sai ya ce "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira", ga minti 11 a gabanki kin rasa inda za ki sa almakashi. Wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi, don wannan "ya yi kyau" ɗin ita ce ta kusa kayar da ni a kwas ɗin nan.

Kada ki yarda da su. Yawancinsu ba mugunta ba ce, kara suke miki, wasu kuma ko minti ɗaya ba su kalla ba, sun ji muryarki sun rufe. Amma akwai masu yi da gangan, ni kuwa Allah ya haɗa ni da irinsu.

Nawa bidiyon a kan haɗa fulogi mai ƙafa uku ne: wayar wuta mai ruwan ƙasa ta ɓangaren fis, shuɗiya ta ɗaya gefen, mai kore da rawaya ta sama. Na yi fom na raba wa 'yan ajinmu. Akwai wata da na ɗauka ƙawa ce, tare muke karatu, tare muke zuwa laburare. Ta cike fom ɗin ta ba ni maki mafi girma a kowane layi, a ƙasa ta rubuta "babu gyara". Ranar da aka haska bidiyoyi a aji, nawa yana ƙarewa malam ya ce wa ke da magana, kafin ya rufe baki hannunta yana sama. Sai ta zaro takarda daga cikin littafi. Takarda fa, rubutacciya tun daga gida, har da lokutan kowane aibi! A wajen minti na biyu babban yatsana ya rufe sukurun da nake ɗaurewa, ba a ganin inda wayar ta shiga. Kiɗan da na sa ya danne muryata. Na ce "ki sa ta nan" ba tare da na faɗi wace waya ba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, murya a sanyaye kamar mai taimako, ni kuma ina tsaye gaban allo kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya tambaye ni ko na gwada bidiyon a kan mutane, na ce e, ya ce in kawo fom-fom ɗin. Na sama da ya ɗauka nata ne. Ya karanta "babu gyara" da ƙarfi, aji ya fashe da dariya, ita ma tana ciki tana dariya, ba ta ce uffan ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma ta gan shi tun ina da lokacin gyarawa, ta adana shi don ta burge malam. Daga baya wai ta ce min a fom ba ta so ta karya min gwiwa ne. A gaban mutane fa? Har yau in na ga sunanta sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, Allah ya yafe mana.

To ki ajiye fom tukuna. Ki nemo wanda bai iya Excel ba, ba 'yan ajinku ba, su sun riga sun san abin, kansu zai cike duk giɓin da kika bari. Ki zaunar da shi gaban kwamfuta, ki kunna masa bidiyon a waya, ki ce ya yi abin da bidiyon ke koyarwa. Ke kuma ki koma gefe da biro da takarda ki kama bakinki. Wannan shirun shi ne mai wuya, za ki ji kamar ki fizge linzamin ki nuna masa. Kada ki yi. Duk inda ya tsayar, ko ya koma baya, ko ya kawo fuskarsa kusa da waya yana ƙanƙance ido, ki rubuta minti da sakan. Da na yi haka a zagaye na biyu, yarinyar da na kunna wa bidiyon ta riƙe sukundireba tana jujjuya fulogin a hannu, ta mayar da bidiyon baya a wuri ɗaya ta sake mayarwa, ƙarshe ta ɗago ta ce "wai ana fere robar ne kafin a sa?" Ban nuna ferewar ba sam, don a wurina abu ne da kowa ya sani.

Ba ni kaɗai ba ce, haka kan ɗan Adam yake. A 1990 wata ɗaliba a jami'ar Stanford, Elizabeth Newton, ta sa mutane su riƙa buga sanannun waƙoƙi da yatsa a kan tebur, wasu kuma su canki waƙar. Masu bugun sun zaci za a gane rabi. A cikin 120, guda 3 kacal aka canka. Mai bugu yana jin waƙar a kansa, mai sauraro ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Ke ma da kike cewa "sai ku ja shi ƙasa", kina ganin ɗan ƙaramin murabba'in nan na kusurwar akwatin a ranki, mai kallo bai ma san yana wurin ba.

Kuma ba sai kin tara jama'a ba. Jakob Nielsen, masanin gwajin shafukan intanet da manhajoji, ya nuna cewa mutum 5 sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsaloli. A kan shafuka ya yi maganar, amma a bidiyo ma na ga haka, daga mutum na huɗu sai ki ga wuri ɗaya ne kowa ke tuntuɓe. In sun gama kada ki ce "kun gane?", kowa zai ce e. Ki ce ya rufe bidiyon ya lissafo miki matakan da bakinsa. Ki tambaye shi da ba don ke ba ce, a ina zai kashe ya tafi. Wannan tambayar tana da ciwo, ki daure.

Sai dai ba kowace shawara za ki ɗauka ba. Wani zai ce ki ƙara kiɗa, wani ki canza launi, wani ki riƙa magana a hankali. Wanda ya ce kina sauri, ki duba lokacin da ya tsayar, galibi mataki kika tsallake a nan, in kika rage saurin magana duka sai bidiyon ya koma minti 15 kuma ramin yana nan.

Kafin ki taɓa komai, don Allah ki kwafi aikin ki ba shi sabon suna, na asali kuma ki ajiye shi wuri biyu. Na san wanda ya share ɗanyen ɗaukarsa don wayarsa ta cika, da aka ce ya gyara sai ya tarar ba abin da zai gyara da shi.

Minti 11 ya yi yawa, gaskiya. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallo miliyan 6.9 na bidiyoyin darasi a dandalin karatu ta intanet na edX, suka ga komai tsawon bidiyo, matsakaicin zaman da ɗalibi ke yi a kansa bai wuce kusan minti 6 ba, waɗanda suka haura minti 9 kuwa sau da yawa ko rabi ba a kaiwa. In malam ya yarda ki raba shi biyu, in bai yarda ba ki fara yanka daga gaba. Na tabbata akwai gaisuwa da gabatar da kai da tarihin Excel a farkon nan, duk mun yi. Ki nuna musu sakamakon da za su samu a ƙarshe, ki shiga aiki. Ki cire "eh", "to", da jiran fayil ya buɗe. Amma bayan kowane mataki mai wuya ki bar ɗan numfashi, mai kallo yana buƙatar ya kai hannu ga nasa allon.

Tunda ɗaukar fuskar kwamfuta kika yi, ki tuna a waya za a kalla. Lambobin da kike gani tangaran a babban allo, a waya ba sa karantuwa. Ki zuƙo wurin da kike aiki, ki sa da'ira ko kibiya a kan abin da za a danna. Kiɗa kuwa ki cire shi ko ki kai shi can ƙasa, na sha wuyarsa. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana bincike a kan koyo da hoto da sauti, ya nuna cewa kayan ƙawa da ba su shafi darasi ba suna rage fahimta, haka ma cika allo da rubutu kina karanto shi kalma da kalma.

Af, sauti. Mutane sukan yafe hoto mai dishi-dishi, amma murya mai ƙugi ba wanda zai zauna mata. Ba sai kin sake ɗaukar komai ba, ki sake naɗar muryar kaɗai a wuraren da suka lalace, makirfo kusa da baki, fanka a kashe. Ki bar 'yan daƙiƙu na shiru a farko, a Audacity, manhajar gyaran sauti, da wannan shirun za ki nuna mata irin ƙarar ɗakin ta rage ta. Kada ki matsa da yawa, sai muryarki ta koma kamar daga cikin rijiya.

Idan kin gama gyara ki kai wa sababbin mutane, na farko sun riga sun koya, ba za su sake tuntuɓe ba. Kuma ki riƙa rubuta komai: abin da aka gani, a wane minti, me kika canza, wanda kika ƙi canzawa da dalilinki. Malamai wannan suke nema, ya fi tarin fom mai "babu gyara" daraja nesa ba kusa ba. Da ina da irin takardar nan a hannu ran nan, da ba a yi min dariya ba. Kuma ki kula da wanda kike nuna wa aikinki in maki ɗaya kuke nema, ban ce ki zargi kowa ba, amma dai.

In za ki tura wa mutane ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi rubutun ya dagule, su yi ta ƙorafi a kan abin da ba laifinki ba. Ko ki ɗora a YouTube ki saita shi yadda sai mai adireshin ne zai gani. Ki turo min ni ma in kalla, sai dai na iya Excel, don haka sauti da yanka kawai zan duba miki. Wai ma da me kike editin ɗin? In CapCut ce, ki leƙa ƙarshen aikin, takan liƙa ɗan guntu mai tambarinta a can, ki goge shi kafin ki fitar.