Xbox ta yi araha: in zuba kuɗin adashena ko in dakata?

Tambaya: Malam, ina da gidan gem a Tudun Wada, PS4 huɗu nake juyawa. Wani dila ya kawo mini Xbox Series S na hannu guda biyar da sauƙin kuɗi, ya ce kasuwarta ce ta ɗan yi sanyi, amma dole ta tashi tunda Microsoft ne mai ƙera ta. Adashen da na kwasa zan zuba, ko barcin kirki ba na yi. Na'urar da ta ja baya haka tana farfaɗowa kuwa?

Amsa: Tana farfaɗowa, ɗan'uwa, an sha gani. Nintendo 3DS ta fito a 2011 kan dala 250, aka ƙi saye. Ba a rufa wata shida ba kamfanin ya mayar da ita dala 170, shugabansa Satoru Iwata ya yanke rabin albashinsa, wasannin Mario suka biyo baya kafin ƙarshen shekara, ta ƙare da sayar da sama da miliyan 75. PS3 ma da ƙyar ta tashi a 2006 saboda tsada, sai da siririn samfurinta ya zo a 2009 kan dala 299. Duka biyun an karya farashi, an kuma kawo wasan da sai a kanta za ka buga.

Amma maganar dilanka ce ta tsaya mini a rai, don kusan kullum sai na ji ta a shago: wai kamfani babba ne, ba zai bari ta mutu ba. Wa ya gaya muku? Google fa? Ya buɗe Stadia, manhajarsa ta buga gem ta intanet, a 2019, ya rufe ta a Janairun 2023, ko gezau bai yi ba. Sony mai PS da kuke rantsuwa da shi ya bar Vita, ƙaramar na'urarsa ta gem da ake riƙewa a hannu, ta bushe a tsaye. Wii U ta Nintendo ko miliyan 14 ba ta kai ba, aka tsayar da ƙera ta a 2017, aka koma kan Switch. Attajiri ya fi kowa saurin sakin hajar da ba ta tafiya, don yana da wasu rumfunan da zai ci abinci. Kai kuwa rumfarka ɗaya. Masu zama gaban waya suna cewa "ku saya yanzu kafin ta tashi" ba su taɓa biyan kuɗin man janareto da cinikin yara ba, kuma ranar da kaya suka kwanta ba za ka ga ƙeyarsu ba. Dubi abin da Microsoft ɗin yake yi da kansa: a 2025 ƙara kuɗin Xbox ya yi, ya kuma kai Forza Horizon 5, wasan gidansa, kan PS5. Kamfanin na iya samun riba ta wasanni da Game Pass, tsarinsa na biyan kuɗin wata don buga wasanni, alhali akwatin da ke shagonka yana shan ƙura.

Sannan ka san yaranka. Ƙwallo suke zuwa bugawa, hannunsu ya saba da pad ɗin PS, ka miƙa wa yaro wani daban ya sha ci biyu, gobe yana gidan maƙwabcinka. Series S ba ta cin faifai, komai sai an sauke ta intanet, ka lissafa data. Pad ɗinta da batir yake aiki.

Idan ranka ya biya, ɗauki ɗaya tak. A kunna ta a gabanka, a cire akawun ɗin mai ita na farko, ka sa naka. Ka leƙa wurin masu gyara a Ahmadu Bello Way ka ji ko suna da kayanta. Ajiye ta wata guda kusa da PS4, ka riƙa rubuta cinikin kowacce a littafi, sannan ka kira dilan a kan sauran huɗun.