Talabijin ya mutu wata biyu bayan ƙarewar garanti: shin akwai sauran haƙƙi a kan mai shago?

Wata Hajiya daga unguwar Aboabo a nan Kumasi ta aiko da tambaya. Ta ce ta sayi talabijin mai inci 43, sabo fil a kwalinsa, a wani shago da ke Adum kan sidi 2,800, aka ba ta rasit da katin garanti na wata 12. A wata na 10 hoton ya fara ɗaukewa yana dawowa, ɗanta ya aika wa mai shagon saƙo ta WhatsApp, shi kuma ya amsa da cewa wutar lantarki ce ke wasa, a nemi stabilaiza. Ta saya ta haɗa. A wata na 14 hoton ya ɗauke ɗungurungum, sai murya kawai ke fita. Da ta koma shagon, sai aka nuna mata ranar da garanti ya ƙare, aka kuma nuna mata rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Tana son ta san ko maganar ta ƙare ke nan.

Hajiya, maganar ba ta ƙare ba, amma abin da ya rage miki bai kai abin da wataƙila kike fata ba, kuma gara ki ji wannan tun da wuri kafin ki kashe kuɗin mota da na takardu.

Katin garanti alkawari ne na ƙari wanda kamfani ko dillalinsa ya ɗaukar wa kansa, shi ya yanke tsawonsa, shi ya rubuta sharuɗɗansa. A ƙarƙashinsa akwai wani alkawarin daban wanda doka ce ta ɗora wa mai sayarwa ko yana so ko ba ya so. Dokar Sayar da Kaya ta ƙasar Gana ta shekarar 1962, mai lamba 137, ta tanada a sashe na 13 cewa kayan da aka sayar dole su kasance ba su da aibin da ba a bayyana wa mai saye ba kuma bai san da shi ba a lokacin ciniki, sai fa idan ya duba kayan kuma aibin irin wanda dubawar za ta nuna ne. Sashen ya ƙara da cewa idan irin kayan da mutum ke sayarwa ne a harkarsa ta yau da kullum, babu wani rubutu a cikin yarjejeniya da zai soke wannan sharaɗi. Saboda haka layin nan na ƙasan rasit ba shi da ƙarfin da mai shagon ke zato, domin sayar da talabijin sana'arsa ce, kuma ke ba a tsammanin ki kwance bayan akwati a cikin shago ki gano laifin da ke ɓoye a ciki. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shekarar 2009 a shari'ar Continental Plastics da IMC Industries, inda ta bayyana cewa dokar Gana ta ɗora wa mai sayarwa nauyi mai girma game da ɓoyayyen aibi, ko kayan sababbi ne ko na hannu.

Wanda ke ɗauke da wannan nauyi shi ne wanda ya karɓi kuɗinki. Idan ya ce ki je ki nemi kamfanin da ya ƙera, ki gaya masa cikin ladabi cewa da shi kika yi ciniki, shi kuma yana da damar bin wanda ya sayar masa. Dangane da lokaci, Dokar Ƙayyade Wa'adin Shigar da Ƙara ta 1972, wato NRCD 54, ta ba da shekara 6 ga ƙarar da ta shafi irin wannan yarjejeniya, kuma a nan lissafin yana farawa ne daga ranar da aka miƙa miki kayan. Wannan ba ya nufin doka ta ce kowane talabijin sai ya yi shekara 6 yana aiki. Abin da yake nufi shi ne ƙofar kotu ba ta rufe da cikar wata 12 ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Damar mayar da kaya a karɓi kuɗi cif tana nan ne na ɗan lokaci kaɗan bayan saye, domin doka tana ɗaukar wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da ya dace ba tare da ya ce ya ƙi su ba a matsayin wanda ya amince da su. A shari'ar Rockson da Armah ta 1975, wadda ta shafi motar hannu, 'yan watanni kaɗan sun isa mai saye ya rasa wannan dama. Bayan wata 14 kina kallo, da wuya wani alƙali ya ce a mayar miki da sidi 2,800 ɗinki. Abin da ya rage shi ne diyya, wato bambancin da ke tsakanin darajar kaya masu lafiya da darajar abin da aka ba ki, wanda a aikace yakan zo daidai da kuɗin gyara, ko wani kaso na kuɗin saye idan gyaran ya gagara.

Kuma ke ce za ki tabbatar da cewa aibin yana nan tun ranar ciniki, ba daga baya ya samu ba. A nan ne yawancin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ke faɗuwa. Mai shago zai ce ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, abin da muka saba kira dumso, shi ya ƙona na'urar, ko ruwa ya taɓa ta, ko yara sun buge ta. Zai kuma ce, ko da bai furta ba, araha ba ta ado. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, domin ba a tsammanin akwatin sidi 2,800 ya daɗe kamar wanda ya ninka shi kuɗi sau uku. Sai dai a ganina araha tana rage abin da ake tsammani ne kawai, ba ta halatta a sayar wa mutum abin da zai fara ɗauke hoto tun bai shekara ba.

Hujjarki mafi ƙarfi tana cikin wayar ɗanki. Saƙon nan na wata na 10 ya nuna cewa matsalar ta fara tun garanti yana raye, an sanar da mai shago, shi kuma maimakon ya karɓa ya duba sai ya tura ki sayen stabilaiza. Da wannan za ki iya cewa haƙƙin gyaran kyauta ya riga ya tabbata tun a lokacin, kuma jinkirin daga wajensa ne. Ki sa yaron ya ɗauki hoton saƙonnin yadda rana da lambar waya za su fito, a buga su a takarda, kada kuma a goge komai daga wayar. Ki adana rasit ɗin talabijin da na stabilaiza da katin garanti, kuma idan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kika biya, saƙon biyan ma shaida ne ko da rasit ya ɓata.

Abin da nake roƙonki da shi musamman shi ne kada ki bari mai gyaran bakin titi ya kwance akwatin ya canza wani abu tukuna. Na sha ganin mutane sun zo da gaskiyarsu, amma an riga an cire abin da ya lalace an jefar, babu sauran abin nuna wa kowa. Murya ba hoto yawanci alama ce ta cewa ƙananan fitilun da ke haska allon daga baya sun mutu, kuma kina iya gwadawa da kanki: ki kunna talabijin ɗin a ɗaki mai duhu, ki kara tocilar waya dab da allon, idan kika hango hoto dishi-dishi yana motsi, to fitilun ne. Wutar da ta zo da ƙarfi kuwa ta fi yin ɓarna a ɓangaren da ke karɓar wuta, kuma sau da yawa takan bar alamar ƙuna. Wannan bambanci yana da muhimmanci, shi ya sa kike buƙatar ƙwararren mai gyara mai shago sananne, ko cibiyar gyara ta kamfanin, ya duba ya rubuta a takarda abin da ya lalace, da dalilin da yake ganin ya jawo haka, da kuɗin gyara, ya sa hannu da kwanan wata, ya kuma ajiye miki duk abin da ya cire.

Da wannan takarda sai ki rubuta wa mai shagon wasiƙa gajera, ki ambaci ranar saye da kuɗin da kika biya da ranar da aka fara sanar da shi, ki faɗi abin da kike nema a fili, wato ya gyara da kuɗinsa ko ya biya kuɗin gyara, ki ba shi kwana 14, ki riƙe kwafi wanda shi ko yaron shagonsa ya sa wa hannu. Ki tafi da ɗanki ko wani dattijo da ake jin nauyinsa, a yi magana ba hayaniya, kuma kada a je Facebook ana kiransa ɓarawo, domin hakan yana iya juyar da ke daga mai ƙara zuwa wadda ake ƙara kan ɓata suna.

Idan ya ƙi, kotun gunduma ce ke da hurumin irin wannan kuɗi, kuma ba dole ba ne ki ɗauki lauya. Kotunanmu suna da tsarin sulhu a ƙarƙashin doka mai lamba 798 ta 2010, inda mai shiga tsakani zai zaunar da ku, kuma abin da kuka amince a kai kotu na iya mayar da shi hukunci. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ma tana da ofishi a Kumasi kuma tana yin sulhu. Sai dai ki yi lissafi da idon basira, domin idan gyaran bai wuce 'yan ɗaruruwan sidi ba, kuɗin shigar da ƙara da zirga-zirga da ranakun da za ki bar kasuwarki suna iya cinye abin da za ki samu. Idan da ni ne, kuma mai shagon ya yarda ya sayi fitilun ya biya mai gyara, ko ya karɓi tsohon ya rage miki kuɗi mai kauri a kan sabo, zan karɓa, da sharaɗin a rubuta a sa hannu kuma a ba da garanti a kan gyaran.

Idan kuwa takardar mai gyara ta nuna cewa wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, to mai shagon ya fita, magana ta koma kan kamfanin raba wutar lantarki. A nan sai ki kai ƙorafi a rubuce ofishinsu da ke kula da unguwarku ba tare da ɓata lokaci ba, ki haɗa da lambar mita da ranar da abin ya faru da sunayen maƙwabtan da su ma kayansu suka ƙone, idan akwai. Idan ba a saurare ki ba, sai ki wuce hukumar PURC mai sa ido kan kamfanonin wuta da ruwa, wadda ke karɓar irin wannan ƙorafi.