Tambaya da Amsa: Aikin sa-kai a ƙasar waje, ta wace ƙofa ake shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 22. A JHS (ƙaramar sakandare) ya tsaya, ya yi shekara biyu yana koyon walda bai ƙarasa ba, yanzu sai zaman majalisa. Wani ya ce in kawo sidi 18,000 zai kai shi Jamus aikin sa-kai. Da gaske akwai irin wannan aiki? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai shi, amma ba a sayar da gurbinsa. Kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Shirin da ya fi dacewa da ɗanki shi ne weltwärts na gwamnatin Jamus. An fara shi a 2008 don tura matasan Jamus ƙasashe irin namu, sai a 2013 aka buɗe ɓangaren da ke kai namu can. Ana ɗaukar masu shekara 18 zuwa 28, mai naƙasa kuwa har 35. Yawanci shekara ɗaya ake yi a wurin renon yara, gidan tsofaffi, cibiyar naƙasassu ko gona. Shirin ne ke ɗaukar nauyin tikitin jirgi, inshorar lafiya, masauki, abinci da ɗan kuɗin kashewa. Ki lura, kuɗin kashewa muka ce: ba albashi ba ne da za a riƙa aiko miki da shi duk wata.

Ba ofishin jakadanci ake zuwa neman gurbi ba. Sai ta hannun wata ƙungiya a nan Gana mai abokiyar hulɗa a Jamus. Ita ke tantancewa, ita ke turawa. Ƙungiya kuwa ba ta tura wanda ba ta san aikinsa ba. Don haka ya fara a gida: Red Cross ta Gana, ko ƙungiyar VOLU da ke shirya sansanonin aikin gayya tun 1956, ko wata ƙungiyar unguwa mai rajista. Ya yi wata shida zuwa shekara yana zuwa ba fashi, ya karɓi wasiƙa mai hatimi da ta faɗi ranar da ya fara da irin aikin da ya yi. Sunayen ƙungiyoyin Jamus da ke cikin shirin suna shafin weltwärts na intanet. Ya rubuta musu ya tambayi abokiyar hulɗarsu a Gana.

Maganar waldar nan, a ganinmu ita ce jarinsa. Ba a neman digiri, amma ana son shaidar kammala makaranta ko sana'a, ko wata ƙwarewa da za ta tsaya a madadinsu. Ya koma wurin maigidansa ya ƙarasa, ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta gwamnati, wadda matakinta na farko aikin hannu ne da tambayar baki.

Sai takardu, kuma a nan 'ya'yan zango suka fi tuntuɓe. Takardar haihuwa ta ce Mohammed, Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) ta ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mahama, ga shekarar haihuwa ta bambanta saboda an rage ta lokacin shiga makaranta. Jami'in biza mutum uku yake gani. A gyara wannan da takardar rantsuwa kafin a nemi fasfo, domin gyara bayan fasfo ya fito ya fi cin lokaci da kuɗi. Ya kuma tanadi takardar 'yan sanda mai nuna ba shi da laifi, amma sai an nema, don tsohuwa ba ta karɓuwa.

Ya fara koyon Jamusanci tun yanzu, ko a waya ne. Jarrabawar matakin farko, wato A1, ana yin ta a cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe-Institut da ke Accra. A hirar biza za a tambaye shi wane aiki zai yi, a wane gari, da abin da zai yi in ya dawo. Wanda ya haddace amsar da wani ya rubuta masa nan take ake gane shi, wanda kuma ya nuna zama zai yi can, an hana shi ke nan.

Tambaya: Ina da HND amma shekara biyu ba aiki. Na ji labarin shirin Tarayyar Turai da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanne zan nema? Daga wata ɗiyarku a Nima, Accra.

Amsa: 'Yata, ki ajiye na Tarayyar Turai, wato European Solidarity Corps, na mazauna Turai ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Ki duba na Tarayyar Afirka, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2010: shekara 18 zuwa 35, aikin wata 12 a wata ƙasar Afirka. Ana neman takardar gaba da sakandare, da shaidar shekara ɗaya ta aiki da shekara ɗaya ta sa-kai, don haka ki adana takardar hidimar ƙasa. Na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, UNV, rajista kyauta ce a shafinsu. Rajista kaɗai ba ta kawo kira. Kowane gurbi sai kin neme shi daban. Ki fara da guraben cikin Gana da na sa-kai ta intanet, waɗanda ke ba da takardar shaida in an kammala.