Aikin ɓerayen Gamkalle: wace mujalla ce ta dace da shi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar digiri na biyu ce a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Na daɗe ina ɗana wa ɓeraye tarko a lambunan Gamkalle, kuma yanzu na gama rubutu. Malamin da ke duba aikina ya ce in aika da shi wata mujallar dabbobi masu shayarwa. Da na duba, sai na ga ma'aunin tasirin irin waɗannan mujallu, wato lambar da ke nuna yawan ambaton da ake wa ayyukan cikinsu, ƙarami ne. Me suke nema a wajen marubuci? Kuma ƙanƙantar lambar tana nufin ba su da daraja?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗiyata. Wanda ya taɓa sammako ya bi layin tarko a cikin lambu kafin rana ta gasa abin da ya kama, ya san ba ƙaramin aiki kika yi ba.

Mujallun wannan fanni tsofaffi ne. Journal of Mammalogy ta fara fita a 1919, shekarar da aka kafa ƙungiyar masana dabbobi masu shayarwa ta Amurka, kuma yanzu sau shida take fita a shekara. Jamusawa suna da tasu, Mammalian Biology, wadda ta soma tun 1926 da sunan Jamusanci. Mammalia ta taso a 1936 daga gidan adana tarihin halittu na Paris. Ita ce ta fi kusa da mu, domin ayyuka da yawa kan ɓeraye da jemagun Afirka ta Yamma a cikinta suka fito, wasu da Faransanci, ko da yake yau Turanci ya mamaye ta. Akwai kuma Mammal Review ta Ingila, amma ita ta fi karkata ga tattara binciken da aka riga aka yi a tace shi, don haka ba nan za ki kai aikin tarko ba.

Abin da suke nema shi ne ita dabbar kanta: wace iri ce, ina take zaune, me take ci, yaushe take haihuwa, yaya yawanta ke hawa da sauka tsakanin damina da rani, wace dangantaka ce tsakaninta da ƴan uwanta. A nan ɗalibanmu suka fi tuntuɓe. Sai ɗalibi ya rubuta cewa ya kama ɓeraye kaza a wuri kaza, ya jera su a jadawali, ya tsaya. Edita zai ce, to sai me? Ki tambayi kanki abin da mai karatu a Dakar ko Nairobi zai ƙaru da shi. Misali, shin baƙon ɓeran nan da ya shigo ƙasashenmu ta hanyoyin fatauci, wato Rattus rattus, yana korar ɓerayen asali daga lambu, ko kowa da inda yake? Idan alƙalumanki na iya amsa irin wannan, kina da maƙala.

Abu na biyu da ba sa wasa da shi shi ne tantance iri. Ni kaina an taɓa mayar mini da aiki daga wata mujalla saboda wannan. Na auna komai yadda aka saba, tsawon jiki da wutsiya da tafin ƙafar baya da kunne, na kuma ɗora kowane a sikeli, amma da ido na ba su suna. Mai duba aikin ya tambaye ni yadda na bambanta ɓeraye iri biyu, Mastomys natalensis da Mastomys erythroleucus. Gaskiyarsa ce, domin a tafin hannu kusan ba a iya raba su. Na farko yana da kuromosom 32, wato zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta, na biyu 38. Na ji zafi a lokacin, amma daga ranar ban sake sakin ɓera ba sai na ɗebi ɗan guntun kunne na jefa a kwalbar alkol don gwajin gadon halittarsa. Idan kin ajiye irin wannan, ko ƙoƙon kai, ki faɗi inda suke da lambobinsu. Ki kuma bayyana tarko nawa kika ɗana, dare nawa, da abin da kika sa a ciki, ko da tunkuza ce, da yadda kika kula da dabbobin, don akwai ƙa'idojin da ƙungiyar Amurkan ta wallafa kan haka kuma editoci na tambaya.

Sai batun lamba. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya ƙirƙiro ma'aunin tasiri, kuma kamfanin Clarivate ke fitar da shi duk shekara. Lissafinsa ba wuya: a ce mujalla ta buga maƙala 200 a 2022 da 2023, sannan a 2024 aka ambace su sau 300 a wasu rubuce-rubuce, to lambarta 1.5 ke nan. Kin ga shekara biyu kawai ake leƙawa. A fannin likitanci, inda masu bincike suke dubbai kuma sakamako ke fita da sauri, shekara biyu ta isa a ambaci aiki sau da yawa. Mu kuwa, wanda zai ambace ki sai ya nemi kuɗi, ya jira damina, ya ɗana nasa tarkon, ya rubuta. Kafin nan ƙofar lissafi ta rufe. Shi ya sa yawancin mujallun nan ke yawo wajen 1 zuwa 2, alhali bayanin da aka buga a cikinsu shekara arba'in da suka wuce har yau ana komawa gare shi. Dubi raƙuman dawanmu na Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su farfaɗo su haura 600. Ƙidayar da aka yi musu tun can ita ce madogarar duk mai magana a kansu yau, kamar yadda ta kasance lokacin da aka kai takwas daga cikinsu Gadabeji a 2018. Ba lambar shekara biyu ce za ta auna amfanin irin wannan aiki ba. Su kansu masana sun gaji, har a 2012 aka tsara wata sanarwa a San Francisco mai cewa a daina auna mai bincike da lambar mujallar da ya buga a ciki.

Ba zan ce miki lambar banza ce ba. Idan kika shiga koyarwa, CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, za ta duba inda kika buga kafin ƙarin girma, kuma mujallar da ke cikin manyan rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance tana da nauyi a wajensu. Duk waɗanda na ambata suna ciki. Abin tsoro shi ne masu aiko da saƙo ta imel suna cewa a biya su buga cikin mako guda. Dubawa ta gaskiya takan ci watanni, kuma ba ta dawowa ba gyara.

Amma kafin ki zaɓa, ki sake karanta tambayar aikinki. A 2015 Gauthier Dobigny da abokan aikinsa sun buga bincike kan ɓerayen lambunan Yamai, inda suka samu ƙwayar cutar Leptospira a jikinsu. Ba mujallar dabbobi suka kai shi ba, sun kai mujallar cututtuka ta PLoS Neglected Tropical Diseases, domin ma'aikatan lafiya ne ya kamata su fara gani. Idan naki ma cuta ce ko ɓarnar amfanin gona zuciyarsa, ki bi wannan sawu. Idan kuwa rayuwar ɓeran ce, ni Mammalia zan fara gwadawa. Ki buɗe jerin ayyukan da kika dogara da su a ƙarshen rubutunki, ki ƙirga sunan mujallar da ya fi maimaituwa, ki kai wa malaminki ku zauna a kai tare da fitowarta uku na baya-bayan nan.