Madarar oganik ko ta gama-gari? Amsa ga ƙanwata sabuwar zuwa Ingila

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce ba ki daɗe da zuwa Ingila ba, kin yaye ɗanki, ga kuma wani cikin, Allah ya raba lafiya. Kika ce in kin shiga shago sai ki tsaya gaban firij kina wasi-wasi, ga madarar oganik, wato ta shanun da ake kiwo a gonar da ba a sa takin zamani ko feshi, ga ta gama-gari, kuɗin ba ɗaya ba, kuma an turo miki bidiyo a WhatsApp cewa mai arhar cike take da allurai da magunguna. Tambayarki ita ce ko ki daure ki riƙa sayen mai tsadar.

Ni ma na yi irin tsayuwar nan. Shekara biyu cur ina sayen oganik saboda tsoro, lokacin kuma albashi ɗaya ne ke riƙe da gidan. Jarka huɗu muke sha a sati, irin mai cin lita biyu da 'yan kai, kuma a shagon unguwarmu bambancin ya kan kusa fam guda a kowace jarka. Ki lissafa, kusan fam 200 ke nan a shekara. Da na zauna na bi maganar daki-daki sai na ga abin da nake gudu ma ba ya ƙasar.

Allurar da ake magana a kanta a bidiyon nan, wadda ake yi wa saniya don ta ƙara nono, ana ce mata rBST. Amurka ce ta amince da ita a 1993. Turai ta dakatar da ita tun farko, daga shekarar 2000 kuma ta haramta ta kwata-kwata, Birtaniya ma ba ta janye haramcin ba bayan ta fita daga Tarayyar Turai. Madarar da ke cikin firijin manyan shaguna a nan ta shanun ƙasar ce. Yawancin bidiyoyin daga Amurka suke fitowa, su bi waya zuwa waya har su iso hannunmu, babu wanda ya tsaya ya ce ba labarin nan ba ne.

Maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, duk mai kiwo ya san saniya kan yi ciwon hantsa, kuma dole a yi mata magani. Doka ta ce a ware madarar saniyar da ke shan magani, kada ta shiga tanki sai kwanakin da aka ƙayyade sun cika. Ana kuma gwada madarar da tankokin suka kwaso kafin a sarrafa ta, in an ga alamar magani a zubar, manomin ya yi asara. Gonar oganik ma tana ba saniya magani in ta kwanta, sai dai kwanakin jiranta sun ninka na doka aƙalla sau biyu, kuma ba a ba lafiyayyar dabba magani don rigakafi kawai.

To mene ne ainihin abin da kike biya? Wannan na gani da idona. A watan Yuni kowace shekara akwai wata Lahadi da gonaki ke buɗe ƙofa ga jama'a, Open Farm Sunday, sai na kai yara wata gonar oganik. Manomin ya zagaya da mu, ya nuna mana fili da ba a zuba masa takin zamani, ba a yi masa feshin kashe ciyawa. Ƙa'idarsu ita ce shanu su fita kiwo duk lokacin da yanayi ya yi kyau, kuma aƙalla kashi 60 cikin 100 na abincinsu ya zama ciyawa da harawa, sauran ne dusa da hatsi, su ma na oganik. Maraƙi na shan madara ta asali har wata uku. Saniyar da aka ciyar haka ba ta kawo nono mai yawa kamar wadda aka cika wa dusa, shi ya sa kuɗin ya hau. Wallahi gonar ta burge ni, ta tuna min da rugar da ke bayan garinmu da damina. Wanda ke sayen oganik don tausayin dabba da kula da ƙasa, kuɗinsa bai tafi a banza ba, kuma tausayin dabba abu ne da addininmu ya koyar.

Amma ke lafiyar yaro kika tambaya, kuma a nan maganar ta ɗan juya. Sinadarin gina jiki da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi kusan ɗaya suke a duka biyun. A 2016 masana a Jami'ar Newcastle suka tattara bincike kusan 200 da aka yi kan madara. Suka ga ta oganik ta fi da wani kitse mai amfani ga jiki da ake kira omega-3 da wajen kashi 50 cikin 100, saboda ciyawar da shanun ke ci. Adadin na da daɗin ji, sai dai omega-3 ɗin da ke cikin madara tun asali kaɗan ne. Kifin titus ko sadin na gwangwani sau ɗaya a sati ya fi abin da wannan ƙarin zai ba shi nesa ba kusa ba.

Binciken ya kuma gano wani abin da masu talla ba sa faɗa, kuma shi ya fi shafar ki: madarar gama-gari ta fi ta oganik sinadarin aidin sosai. Mu a gida gishirin kasuwa ana zuba masa aidin, shi ya sa maƙoƙo ya ragu. A nan gishirin da aka fi sayarwa ba shi da shi, mutane daga madara da kifi da ƙwai suke samu. Mai ciki kuma buƙatarta ta fi ta kowa, domin ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa tun yana ciki. Daga baya masu kiwon oganik sun fara ƙara aidin a abincin shanunsu, amma dai ki sani tsada ba ta nufin ta fi a komai. Ki duba kwalin maganin masu ciki da kike sha ko akwai aidin a ciki, ki kuma tambayi ungozomar da ke duba ki.

Abin da na yi da fam 200 ɗin nan shi ne na mayar da shi kifi da ƙwai da ɗigon bitamin D. Wannan na ƙarshen kada ki yi wasa da shi. Madarar nan, oganik ko akasinta, ba a ƙara mata bitamin D, rana kuma ba ta isa, balle ga mu masu baƙar fata da ke rufe jiki. Shawarar NHS, hukumar kula da lafiya ta nan ƙasar, ita ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya sha maikrogiram 10 kullum. Na ga ɗan wata maƙwabciyarmu da ƙafafunsa suka fara gwamewa, uwar tana ta kuka a asibiti, ga shi madarar da ta fi tsada take ba shi. Har yau abin yana cikin raina.

Wani kuskure da na ga 'yan uwa na yi shi ne ɗaukar oganik a matsayin ɗanyar madara irin ta ruga. Ba haka ba ne, ita ma ana ɗumama ta da zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 kamar ɗayar. Ɗanya daban take, a Ingila sai wurin manomi ake samunta, a Sikotland ma an hana sayar da ita. Ki nisance ta da cikin nan, kada kuma ki ba yaro. Mun san tarin fukan shanu da bakkale mai sa su ɓari, duka suna bin ɗanyar madara su kama mutum.

Ga ɗanki, tunda ya wuce shekara, ki ɗauki mai shuɗin murfi, ita ce mai cikakken mai. Mai jan murfi tsala ce, an kwashe man, ba ta dace da ƙaramin yaro ba.

In kuma ɗanɗanon gida kike nema don fura, na gwada duka biyun wajen yin kindirmo, kuma barcinsu ɗaya. Wadda ta ba ni abin da nake so ita ce madarar shanun Jersey mai murfi ruwan gwal, manta ya kai kusan kashi 5 cikin 100, musamman wadda za ki ga afarari ya taru a wuyan kwalbar. Ki tafasa ta, ki bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, ki zuba cokali biyu na yogot mara suga a lita guda, ki rufe da tawul kusa da hita ta kwana. Ranar Juma'a nake yi, jarka huɗun sati kuwa gama-gari ce mai shuɗin murfi.